Makullin Attracta Hession

An haifi Attracta Mannion a 1958, ta bakwai cikin 'ya'ya tara, a wani gidan gona mai ɗaki uku, mil biyu daga Kilvarra a yammacin Ireland. Tana da shekara goma sha ɗaya ta iya fitar da yanka ashirin da biyu daga burodi guda, alhali uwarta ba ta taɓa wuce sha takwas ba. Tana da ashirin da uku ta auri Mossie Hession, mai gyaran tarakta, ta haifa masa 'ya ɗaya, Gráinne, wadda yanzu take aikin jinya a birnin Perth, can ƙetare. Mossie ya rasu yana da hamsin da takwas, a bakin filin wasa, yana tsaka da zagin alƙalin wasa. Labarin iyali ke nan. Sauran rayuwarta kuwa a kicin ɗin zauren ƙungiya ta yi shi.

Mutum ɗari shida da sha huɗu ne a Kilvarra, da coci ɗaya, da mashaya biyu, da kanti ɗaya, da filin hurling, ƙwallon gorar da ake haifar yaro da sandarta a hannu. Zauren ƙungiyar wasan yana jikin filin. Nan ake taruwa bayan wasa, nan ake zama bayan an binne mamaci, nan ake cin abincin suna da na biki. Zauren kowa na iya shiga. Kicin kuwa makullinsa ɗaya ne, kuma tun 1989 yana rataye a wuyan Attracta da igiyar takalmi shuɗiya. Shekara talatin da huɗu. Ba a biyanta, ba ta kuma taɓa nema ba. Wanda ke riƙe da makullin nan shi ne ake fara bugo wa waya idan an mutu, kafin ma a kira Fada, limamin cocin.

Tana da tsarinta. Namiji yanka uku na burodi da ƙwai da albasa ko naman alade, mace biyu, ɗan wasa biyar. Idan ana ruwa a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, don mutane ba sa saurin tafiya. Man shanu dole ya kai har gefen burodi, kusurwa huɗu. Ita ke yanka, ita ke ba da umarni. Mai shafa mai kuma Philomena Keady ce, wadda suka zauna benci ɗaya a firamare, ta kuma yi shekara ashirin da shida a tsaye a hagun Attracta da wuƙa a hannu.

To, a kakar 2023 Kilvarra ta kai wasan ƙarshe na yanki, karo na farko cikin shekara arba'in da ɗaya. Garin ya haukace. An yi wa tumaki fenti shuɗi da fari. Ranar Juma'a, saura kwana biyu a yi wasan, gidan rediyon yanki ya kawo shirinsa na rana cikin zauren kai tsaye. Mutum ɗari da arba'in suka cika wurin. Attracta tun shida na safe take tsaye.

Mai gabatar da shirin, wani dogo mai suna Fiachra Noone, yana da wani sashe da yake zagayawa da makirufo yana cewa kowa ya faɗi ra'ayin da bai taɓa iya faɗa a gaban mutane ba. Kowa ya san yadda ake wannan wasa. Cathal Durkan, shugaban ƙungiya, ya ce shi fa bai taɓa son kabeji ba, uwarsa ta yafe masa a kabari. Aka yi dariya. Fada Costello ya ce labaran ƙarfe shida ne maganin barcinsa. Aka yi dariya. Kowa ya ɗan soki kansa kaɗan, inda ba zai yi jini ba.

Sai Fiachra ya hango ta da babbar buta a hannu.

"Uwar shayi, ke fa?"

"A'a ɗana, bar ni da butata."

"Haba Mama, kalma ɗaya."

"Ba ni da abin faɗa."

"Daure mana. Duk yanki na sauraron ki."

Da ya tsaya a na biyu, da yau makullin na wuyanta. Amma a Kilvarra ana ƙin abu sau biyu don kunya, na uku a karɓa, kuma Attracta ce ta shekara talatin da huɗu tana tilasta wa mutane wannan doka da bakin butarta. Ta ajiye butar a kan tebur, ta goge hannu a zanen aikinta.

Ta ce mutanen Ireland ba su iya girki ba, duk abin da ya shiga tukunyarsu sai sun dafa shi har ya daina kama da kansa, shayin nan kuma da ake yi wa bauta ruwan wanke-wanke ne da madara, ita kofi take sha a gida shekara ashirin. Aka yi dariya, har da tafi. Tafin ne ya kashe ta. Ta ce hurling kuwa ba ta taɓa kallon wasa ɗaya daga farko har ƙarshe ba, ƙarti talatin na bin abin da bai kai ƙwan agwagwa ba, kuma filin nan ya cinye mata Lahadi dubu da ɗari biyu na aurenta kafin ya cinye mijin gaba ɗaya. Dariyar ta ragu. Ta ce rediyo ba ta sauraron komai a cikinsa sai sanarwar mutuwa, don ta san burodi nawa za ta saya, sauran duk wani mutum ne da ke son jin muryar kansa. Fiachra ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai. Sai ta ce, tunda an tambaye ta, akwai maza a garin nan da ke karɓar tallafin gwamnati na ciwon baya, ba sa iya ɗaukar mata faranti ɗaya na kofuna, amma in ana maganar tutar wasa sai ka gan su a kan tsani kamar mage.

Minti biyu ba daƙiƙa goma. Rediyo ya tafi tallan abincin shanu.

Tsani ɗaya ne a zauren ranar. A kan matakinsa na huɗu Podge Keady yake, mijin Philomena, da igiyar tutoci a baki. Ya cire igiyar, ya sauko mataki ɗaya-ɗaya, kowa na jin ƙarar kowane mataki. Cathal Durkan ya matso ya dafa kafaɗar Attracta.

"Kin kyauta, Uwargida Hession. An ce a faɗi gaskiya, kin faɗa. Madalla da ke."

Ta san wannan murya, da ita aka raine ta. Ta yi lissafi a ranta ta ba abin mako guda, in an ci wasa kwana uku.

Ba a ci ba. Kilvarra ta sha kashi da maki ɗaya. Kafin Litinin an gama yarda a mashaya biyun cewa yaran sun shiga fili da karyayyar zuciya, tunda sun ji a rediyo cewa matar da ta ciyar da su tun suna 'yan shekara takwas ba ta taɓa ɗaga kai ta kalle su ba. Ba wanda ya ƙara tuna cewa mai tsaron gida ne ya saki ƙwallo tsakanin ƙafafunsa.

Ba wanda ya faɗa mata haka a fuska. Daga gidanta zuwa kanti tafiyar minti ashirin ce a bakin titi, kuma duk direban da ya wuce yakan ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari don gaisuwa. Ran Litinin motoci sha bakwai suka wuce ta, ta ƙirga yatsu shida. Ran Alhamis motoci sha tara, yatsu biyu, ɗaya na ɗan aiken wasiƙa ne da ba ɗan garin ba. A kanti aka riƙa gaishe ta da ladabin da ake yi wa baƙuwa. "Sannu da zuwa, Uwargida Hession. Kofi ya ƙare ne, ko har yanzu da saura?"

Mako uku bayan haka wasiƙa ta zo wa Podge daga ofishin tallafi, ya je likita ya sake duba bayansa. Irin wannan wasiƙa duk shekara uku take zuwa wa duk mai karɓar tallafi. Attracta ta sani, don a kicin ɗin nan Philomena ta yi mata ƙorafin ta baya. Philomena ma ta sani. Duk da haka kafin yamma magana ta zaga cewa akwai mai kai rahoto a Kilvarra, kuma a ƙasar nan gara a ce da kai ɓarawo.

Ran Asabar akwai wasan yara, Attracta da Philomena suka haɗu a kicin su biyu. Burodi takwas. Suna kan na huɗu Attracta ta fara.

"Philo, ni fa ban ambaci sunan kowa ba."

"Ba ki ambata ba kam." Philomena ba ta ɗago daga man da take shafawa ba. "Maza nawa ne a kan tsani ranar, 'yar lissafi? Ƙirga mana."

"Ɗaya."

"Ɗaya. Kin san wa ke sa masa safa da safe? Ni. Shekara tara. Ya hau tsanin nan don autanmu na cikin 'yan wasa. Da muka koma gida kwana biyu ya yi kwance a ƙasa, ina ba shi miya da cokali."

A nan ne ya kamata Attracta ta yi shiru. Amma a rayuwarta ba ta taɓa ganin lissafi ya karkace ta bar shi ba.

"To da bai hau ba."

Philomena ta shafa yanka biyu a tsanake, har kusurwa.

"Kuma ba ni na rubuta wa ofis ba," in ji Attracta.

"Wa ya ce ke ce? Ni na ce? Allah ya kiyaye. Miƙo min wancan burodin." Ta karɓa. "Af, tunda muna faɗin gaskiya bana, 'yar'uwa. Kin ce fili ya cinye miki miji. Mossie ba wasa yake zuwa kallo ba. Hutawa yake zuwa yi. Ya sha gaya wa Podge cewa nan ne kaɗai wurin da ba a ƙirga masa dankalin da ya ci. Har wasan 'yan shekara goma yake tsayawa kallo cikin ruwa, don kada ya koma gida da wuri. Na ɗauka kin sani."

Attracta ta ci gaba da yanka. Burodin nan sha tara kawai ya bayar.

Ita ba mai zama ta yi tagumi ba ce. Ran Litinin ta gasa kek na tuffa, tuffa shida daga bishiyarta, ta kai gidan Keady da kanta a kan farantin bikinta. Philomena ta karɓa a bakin ƙofa da fara'a. "Wayyo, da ba ki wahalar da kanki ba. Jira in ba ki farantinki." Ta zagaya gefen gida, inda Attracta ke iya hangowa sarai, ta juye wa kaji kek ɗin, ta ɗauraye farantin a famfon waje, ta goge shi da gefen rigarta, ta dawo ta miƙa. "Sun gode ƙwarai. A gai da gida."

Sai ta buga wa gidan rediyo waya, tana son a ba ta minti ɗaya ta ba da haƙuri. Wata yarinya mai murya kamar ƙararrawa ta ce ai kuwa dama nemanta suke, an maimaita maganarta sau goma sha ɗaya, masu sauraro na son ƙari, ko za ta riƙa zuwa duk Juma'a ta caccaki abu ɗaya? Har suna sun raɗa wa sashen. Attracta ta ajiye wayar. Ran Lahadi Gráinne ta kira daga Perth tana dariya har numfashinta na ɗaukewa. "Mama, kin yi suna. Mutum dubu arba'in sun ji ki. Duk 'yan Ireland na asibitinmu sun haddace maganar magen nan." Attracta ta tambaye ta yanayin gari a can.

A tsakiyar Nuwamba wani dattijon garin, Bartley Coyne, ya rasu yana da casa'in da ɗaya. Wayar farko ba ta zo mata ba, a rediyo ta ji. Ba komai, makulli na wuyanta. Ta ƙiyasta mutum ɗari biyu da sittin, ga ruwa, ta sayi burodi talatin. Philomena ta aiko cewa kanta na ciwo. Attracta ta buɗe kicin shida na safe ita kaɗai, ta yanka, ta shafa, ta jera faranti takwas, ba ta taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Ana dawowa daga maƙabarta sai ga mata goma sha huɗu, kowace da faranti a rufe daga gida. "Mun ce mu rage miki aiki, Attracta, kin sha wahala." Suka jera nasu a gaba, suka tura nata jikin bango. Philomena ce ta sha huɗun, kanta ya warke.

Ta ɗauki buta ta shiga cikin mutane. "Shayi, Malachy?" "A'a, na gode." "Daure." "Na ƙoshi." "Rabin kofi." "Ba na son in sa ki zuba ruwan wanke-wanke, Uwargida." Haka ta zagaya zauren. Wasu sai da ta tambaye su sau huɗu. Da yamma ta ƙirga abin da aka ci daga farantanta: yanka talatin da bakwai, duk dangin mamacin ne da suka zo daga Dublin, waɗanda ba su san komai ba. Sauran ta loda a buhuna biyar ta kai wa wani mai aladu a hayin kogi. Shi ma ya ce ta ajiye a bakin ƙofa.

Duk da haka ba ta saki ba. A ganinta makulli na wanda ya fi kowa aiki ne, kuma a nan ba wanda zai kamo ta. Ta yi wa kicin fenti hannu biyu. Ta kankare tukunyar ruwan zafi har ta ga fuskarta a ciki. Ta sayo tawul sha biyu. Ta je taron kwamiti da takarda mai maki tara a kan abincin Kirsimeti na tsofaffi, har da wanda zai zauna kusa da wa don kada a yi faɗa. Cathal ya karanta duka, yana gyaɗa kai.

"Ba mu da kamarki, wallahi. Bar mana takardar. Ki kuma keɓe mana Lahadi ta biyu ga Disamba, bayan coci. Ki sa kaya masu kyau. Kada ki taɓa burodi, an riga an shirya."

Ta yi mako biyu tana juya wannan magana. A ƙarshe lissafinta ya ba ta cewa sulhu ne. Ta je aka gyara mata gashi, ta sa shuɗiyar rigar da ta sa ranar da Gráinne ta gama makaranta, ta cusa makullin a ciki.

Mutum ɗari da tamanin da uku. Tun rasuwar Mossie ba ta ga an taru haka dominta ba. Aka zaunar da ita a teburin gaba tsakanin Cathal da Fada Costello. Fada ya yi minti shida a kan hidima. Sakatare ya karanto adadin jana'iza da wasanni da bukukuwan da ta ciyar, kuma adadin daidai ne, don daga littafinta na kicin aka kwafo. Podge Keady da kansa ya kawo mata furanni, yana tafe a hankali da sanda, zauren duka na kallon kowane takunsa. Ya miƙa mata, ya ce, "Yi haƙuri Sarauniyar buta, nauyinsu kenan abin da bayana zai iya." Aka yi dariya mai daɗi, ta 'yan'uwa. Aka ba ta tulun furanni na gilashi an rubuta sunanta, da shekaru biyu a ƙasa, 1989 da 2023, da ɗan layi a tsakani. Ta daɗe tana kallon ta biyun.

Cathal ya miƙe.

"Shekara talatin da huɗu mun ɗora wa baiwar Allah nan abincin da ba ta so da wasan da ba ta kallo, ba ta taɓa kuka ba sai da aka tambaye ta. Laifinmu ne. Kwamiti ya zauna, babu wanda ya ƙi, mun ce ya isa haka. Attracta, ki huta. Kin cancanta."

Suka miƙe tsaye suna tafi, dukansu. Cathal ya juyo ya buɗe mata tafin hannunsa, yana murmushi, ya bar shi a buɗe. Makullin na kwance a ƙirjinta, ya yi ɗumi. Ta jira tafin ya lafa.

"Na baro shi a gida, Cathal," ta ce, da muryar da take ba da umarni a kicin. "Sai wani lokaci. Dama akwai abubuwan da sai na nuna wa mutum tukuna, tukunyar nan tana da hali."

"Kada ki damu ko kaɗan." Ya rufe hannun, ya dafa nata. "Tun ran Alhamis muka canza kwaɗon. Ki riƙe shi na tunawa."

Mai ɗaukar hoto ya ce ta ɗan ɗaga tulun, ta yi murmushi. Ta ɗaga, ta yi. Ya ce a sake, idonta ya rufe. Aka sake.

Sai aka kawo abinci. Ba ta taɓa ganin zauren daga wannan gefe ba, ashe daga nan kicin ɗan ƙaramin haske ne kawai ta tagar miƙo abinci. Ta hango mata biyar a ciki suna karo da juna, sabbin tawul ɗinta a kafaɗunsu, fentinta a bayansu. An ajiye mata yanka biyu a faranti. Ta ɗaga na sama ta duba. Man bai kai gefe ba, ko kusa. Ta ɗago kai don ta faɗa, idonta ya haɗu da na Philomena ta tagar.

"Akwai abin da kike so, Uwargida Hession?"

"A'a."

"To madalla." Philomena ta juya ga matar da ke kusa da ita. "Ja tagar nan, Breda, hayaniyarmu na damun baƙuwa."

Aka ja katakon ya rufe. Attracta ta mayar da burodin yadda yake, ta fara ci daga tsakiya.